Faratan Sidi Allal

Faratansa na fara gani kafin fuskarsa. Ina durƙushe a bakin kwatarniya ina wanke hanji, sai wani hannu ya sauko ta gefen kafaɗata ya taɓa ɗaya daga cikin tsirkiyoyin da muka shanya. Hannun dama ne, fari, siriri. Faratan sun yi tsawo kamar na amarya, an goge bakinsu a karkace, suna sheƙi. Na kai idona ga hannun hagu, sai na ga an yanke nasa tas har sun kusa taɓa nama. Na ce a raina, wannan ko taɓaɓɓe ne, ko kuwa wata ce ta sa ya yi mata alkawarin ba zai yanke ba sai ranar da suka sake haɗuwa. Ni a lokacin duk abin da na gani sai na saka mace a ciki. Ƙananan littattafan soyayya na Masar da ake sayarwa a ɓoye a kasuwa su suka lalata ni, kuma har yau da na tsufa ban warke ba, don na Kano da alhazai ke zuwa da su ma ba sa wuce ni.

Jikana Faisal ne ya jawo wannan rubutu. Yana aiki a tashar motocin Kudai a nan Makka, wurin da a zamaninmu babu kowa sai duwatsu da awaki. Ran nan ya shigo da tsirkiyar roba a naɗe cikin takarda mai ƙyalli, ta udu, wato molon Larabawa, ya ce, "Ya jaddi, wai wannan ce sana'ar da ka ƙarar da rayuwarka a kanta? Zare ne fa." Da Larabci ya faɗa, don Hausarsa ba ta wuce gaisuwa da sunayen abinci ba. Zare! To ku zauna, kai da ƙannenka, a fassara muku ku ji yadda ake yin zaren.

Sunana Abubakar, a gida Garba, a bakin mutanen Makka Bakur. A ƙasa muka tako daga Kano ni da mahaifina, ta Chadi da Sudan, muna noma a hanya muna ƙara gaba. Ya samu hajjinsa, bai samu komawa ba. Wani Basakkwace, Baba Tanko, shi ya ɗauke ni. Gidansa na can ƙarshen unguwar Zahir, inda gidaje suka ƙare, don babu maƙwabcin da zai jure warinmu. Sana'arsa tsirkiyar bakan shiɓa. Ku ba ku san bakan ba, kun tashi a kan katifar soso. Baka ne da ya fi mutum tsawo, a rataye shi a rufin ɗaki, a kwantar da tsirkiyarsa cikin tsohuwar auduga, a riƙa dukanta da guduma. Ita ce ke watsa audugar har ta tashi ta koma kamar sabuwa. Kafin kowane hajji sai an farke katifun Makka kaf an shiɓe su, kuma kowane baka daga hannun irinmu yake samun tsirkiya.

Girbinmu na shekara a Mina yake. Lokacin da alhazai ke tsintar tsakuwa a Muzdalifa, mu mun riga mun isa mayanka da garewani da buhun gishiri. Hanji ba ya jira. Sai ka zare shi da ɗuminsa, ka tatse abin da ke ciki da yatsu biyu, ka cusa shi cikin gishiri kafin rana ta dafa shi. Kana cikin jini har idon sawu, ƙuda ya rufe maka baki, ga wani alhaji yana zaginka don yana tsammanin naman hadayarsa kake sata. In mun dawo gida sai a jiƙa shi a ruwan toka, ana sauyawa, a garin da kowace garwar ruwa sai an sayo ta a kafaɗar mutum. Daga nan a shimfiɗa a kan allo a kankare da tsagin gora. Maiƙo ya fita, yauƙi ya fita, sai wata fata mai shara-shara ta tsakiya ta rage. Ita ce dukiyar. Ka danna da ƙarfi ka huda ta, ka sassauta ka bar maiƙon da zai ruɓar da aikin. Shekarata ta farko ban yi komai ba sai kankara, kuma duk wanda na huda sai Baba Tanko ya rataya mini shi a wuya in wuni da shi. Bayan nan a haɗa silla-silla a murɗa, a turara da farar wuta, a miƙe a inuwa, a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, don iskar Makka in ta samu tsirkiya tsirara sai ta busar da bayanta ta bar cikinta ɗanye. A ƙarshe a goge, a shafa man zaitun. Wannan shi ne zaren, ya Faisal.

Mai faratan nan ya zo mana ne bayan wani hajji, gab da babban yaƙin duniya. Lokacin na riga na zama cikakken ma'aikaci, har na yi aure, ina zaune da iyalina a ɗakin bayan gidan. Ya ce sunansa Allal, mutumin ƙasar Magrib, can yammacin ƙasashen Larabawa, muka riƙa ce masa Sidi Allal. Larabcinsa irin nasu ne, a haɗiye rabin kalma. Baba Tanko ya ce mini da Hausa, "Garba, tambaye shi ko tsakuwa yake taunawa."

Mutumin ya ɗaga mafi sirantar tsirkiyarmu, ya murza ta tsakanin yatsu. Ya ce yana son guda uku, kowace ta fi 'yar'uwarta siranta, ta ƙarshen kamar gashin wutsiyar doki.

Baba ya dube shi, ya dubi faratan. Ya ce, "Ba a shiɓa da irin wannan, ya Sidi."

"Na sani, ya ammi."

"To ni ma na sani. Allah ya ba da sa'a, ga ƙofa."

Ku fahimci dalili. A shekarun nan kayan kiɗa haramun ne a garin. Akwai masu sanda da ke zagaya kasuwa da unguwanni, in suka samu udu ko garmaho sai a farfasa a bakin titi, a yi wa mai shi bulala. Ɗan gari ya sha bulalarsa ya koma gida. Mu Takari marasa takarda kuwa, jirgin ruwa ne zuwa gaɓar Sudan, da mata da yara, a rufe gidan. Baba na ciyar da gida guda cike da baki, da nawa a ciki.

Sidi Allal bai yi fushi ba. Washegari ya dawo, jibi ma ya dawo. Bai koma ƙasarsu da sauran alhazai ba, kuma ba shi da abin yi. Akwai wani ɗaki a cikin gidan inda muke gwada kowace tsirkiya a kan baka kafin a sayar, da tulin auduga a kusurwa. Nan yake zama yana kallona. Wata rana ya karɓi gudumar daga hannuna ya fara duka. Ba irin dukanmu ba, na tum-tum-tum har rana ta faɗi. Nasa yana tafiya yana ɗingishi, ya ja baya, ya zabura, ya faɗo a inda ba ka zata ba. Na waiga na ga Baba Tanko a bakin ƙofa, yatsun ƙafarsa na motsi a cikin takalmi. Ashe tsohon nan, mai carbi a hannu dare da rana, ya taɓa kaɗa wa maharba garaya a ƙasar Sakkwato kafin ya tuba. Ban taɓa ji ba sai ranar.

Ya ce, "Garba, yi masa. Amma ga sharaɗi. Abin nasa a nan zai zauna, ƙarƙashin audugar nan. Ba ya taɓa shi sai kana shiɓa a bakin ƙofa, ƙararka ta rufe tasa. Ka tsaya, ya tsaya."

Ta farkon da na yi masa, na zaɓi hanjin wani rago ne da ba na mantawa, ƙato, wutsiyarsa kamar matashin kai. Bahaushe ne ni, in an ce a zaɓi abu mai kyau a jikin dabba, wajen mai ƙiba zan nufa. Na yi aikin da ban taɓa yi ba, na kawo masa ina taƙama. Ya zaro wuyan abin nasa kawai daga cikin auduga ya ɗaura, ya fara murɗa maƙalin, kafin ta kai inda yake so ta tsinke ta tsarge shi a kunci. Ta biyu ma haka. Ya shinshina guntun ya ce, "Ya Bakur, wane sarki ne ya ci wannan ragon?" Ya ce a ƙasar da ya fito, masu yin tsirkiya tumakin kan dutse suke nema, ramammu, waɗanda suka sha wuya. Hanjin mai ƙiba laushi gare shi, ba ya ɗaukar ja. Baba ya yi dariya har da tari. Hajjin da ya biyo baya, mahautan Mina suka riƙa nuna ni da baki, wai ga Takarin da ke bin tumakin da ko matalauci ba ya so.

Ranar da tsirkiyoyin uku suka zauna, ya janyo abin gaba ɗaya daga ƙarƙashin auduga. Jita ce. Ban taɓa ganin irinta ba: ƙugu a matse kamar na budurwa, itacen fari-fari, ba ta fi ƙwarya nauyi ba. Ya ɗora ta a cinya, ya ɗaga mini gira, na fara duka. Sai ya buɗe yatsun hannun dama ɗaya bayan ɗaya a kan tsirkiyoyin, da sauri, kamar an watsa tsakuwa a kan kwano. Gudumar ta kusa faɗuwa daga hannuna. Na san molo, na san garaya, na taɓa jin udu ta bayan katanga. Waɗannan lallashi suke yi. Wannan faɗa take yi. Tana kuka tana zagi a lokaci guda. Babban yatsansa na gurnani a ƙasa, sauran na zubo da wani abu siriri a sama kamar ɗigon ruwa daga bakin salka, kuma a tsakani yana ƙwanƙwasa fuskar itacen da farce, ƙwas, kamar mai buga ƙofar gidan da aka hana shi shiga. Sai na gane amfanin faratan. Su ne bakin abin. Hannun hagu na danne, na dama na magana.

Ya ce sunan kiɗan filamenko. Ya koya mini ƙirgensa don dukana ya daina karo da nasa: bugu goma sha biyu ne ke zagayawa, amma masu nauyin ba a jere suke ba, kuma akwai wani guda kusa da ƙarshe inda komai ke faɗowa a tsaya cak. In ya kusa kai wa nan sai ya kalle ni, mu sauka tare.

Da ya ajiye na ce, "Ya Sidi, wace ce ita?"

"Wa?"

"Wadda ta yi maka haka. Na san Banasariya ce, mai baƙin gashi, ubanta ya hana ka."

Ya yi dariya har ya kwanta a kan auduga. Ya ce, "Maƙeri ne, ya Bakur. Mai gemu, mai warin gawayi, haƙoransa ba su cika ba."

Da kaɗan-kaɗan na tattara labarinsa. Ubansa baduku ne da ya ƙetare teku daga Magrib ya zauna a wani garin gaɓa a Andalus, ƙasar Nasara. Unguwarsu ta wasu mutane ce masu yawo, maƙera da dillalan dawaki, waɗanda kiɗan nan nasu ne na gado. A cikinsu ya tashi. Maƙerin nan shi ke waƙa, shi kuma yana bin sa da jita, daga bukukuwan unguwa har manyan gidajen kallo. A wancan lokaci mai jita bara ne, yana zaune a baya yana riƙe wa mawaƙi hanya. Shi ne, in ji shi, ya fara cika gurbin da mawaƙi ke numfashi da maganar kansa, da wani salon babban yatsa mai sauka ya hau, har mutane suka fara cewa mawaƙin ya dakata su ji. An ɗauke shi a faifai. Sun sa masa wani suna na Nasara da harshena bai taɓa iya faɗa ba. Sai yaƙi ya ɓarke a tsakanin mutanen ƙasar. Wata safiya aka fitar da maƙerin da wasu mazan unguwar, aka jera su a jikin katangar maƙabarta. Sidi Allal ya tsere da jitarsa a cikin buhu, ya koma Magrib, ya hau jirgin alhazai. Ya ce ya zo ne da niyyar ya tuba ya bar kiɗa, amma ya kasa yanke faratan.

Sai mummunar shekara ta zo. Yaƙin duniya ya rufe teku, jirage suka daina zuwa. Na tsaya a Mina na ga fili, wurin da a da ba ka ganin ƙasa don jini. Alhazan da suka zo 'yan tsiraru ne, dabbobin da aka yanka kuwa fata da ƙashi, don fari ya haɗu da yaƙin. Ba wanda ya farke katifa, tunda babu baƙon da zai kwanta. Muka koma cin gurasar dawa da ruwan shayi ba sukari. Baba ya sayar da jakinsa, ni na shiga ɗaukar ruwa da safe. Amma daga hanjin wata tunkiya da yunwa ta kusa kashewa kafin wuƙa ta same ta, na murɗa tsirkiyar da ban taɓa yin irinta ba, kuma ban sake ba. Siririya, garau, kana hango haske ta cikinta. Da Sidi Allal ya ɗaura ta ya taɓa sau ɗaya, ya rufe ido ya ce, "Allah!" Ita ce ta jawo mana. Muryarta ta fi ƙarfin bakana. Tana hawa ta saman dukan gudumata ta tsallake katanga, a garin da ya yi tsit don babu kowa.

Bayan la'asar ne suka zo, su biyu, dattijo da saurayi, kowa da sandarsa. Muna tsakiyar kiɗa muka ji Baba a zaure ya ɗaga murya yana gaisuwa. Ya gaishe su da lafiya, da iyali, da zafi, da gajiya, ya koma kan iyali, irin gaisuwarmu da ba ta ƙarewa. Kafin su ture shi su wuce, jita ta shige ƙarƙashin tulin auduga, Sidi Allal na tsaye yana kaɗe riga.

Dattijon ya ce, "An ce ana jin kiɗa a gidan nan."

Baba ya ce, "Kiɗan auduga ne, ya shaikh. Shi muke ci."

"Buga in ji."

Na buga. Ya karkata kai yana saurare. Ya ce, "Ba wannan ba. Na ji da kunnena daga bakin hanya. Akwai wata siririya a sama." Ya leƙa bayan ƙofa, ya ɗaga tabarma, sannan ya tsaya a gaban tulin, wanda ya kai ƙirjin mutum. Ya soka sandarsa a gefen dama, ta shige shiru. Ya zare, ya soka a gefen hagu. Saura tsakiya. Ramin jita kuwa, in sanda ta taɓa shi, sai ya amsa. Ta taga ina hango matata tana tankaɗe a tsakar gida da goyo a bayanta.

Sai na ji ƙafar Sidi Allal na taɓa ƙasa a hankali. Ƙirgen nan ne. Ya ce, "Ya shaikh, kada ka wahalar da hannunka. Nan nake ƙailula kullum, duba ka gani." Ya shiga tsakanin mutumin da audugar, ya juya mata baya. Ƙafarsa na ci gaba da ƙirga. Ya kalle ni, irin kallon da yake yi mini in mun kusa sauka. Na gane. Na ɗaga guduma da hannu biyu. A kan bugun da komai ke faɗowa, ya saki jikinsa gaba ɗaya ya faɗa da baya, ni kuma na sauke wa bakan dukan da ya tsinke tsirkiyarsa. Ta yi ƙara kamar bindiga. Auduga ta tashi ta cika ɗakin.

Da ta lafa, ga Sidi Allal ya nutse har ƙasa, ya harɗe ƙafafu yana murmushi. Dattijon na atishawa, gemunsa fari fat da auduga, saurayin ya juya baya yana danne dariya. Duk wanda ya ga yadda mutum ya zauna daram a wurin nan ya san babu wani abu mai ciki a ƙarƙashinsa. Ni kaɗai na ji ɗaya ƙarar, wadda ta shige cikin tawa.

Har sun juya za su fita, idon dattijon ya sauka a kan hannun.

"Wannan fa?"

"Na tsince angurya ne daga auduga, ya shaikh."

"A maƙwabtan Ɗakin Allah kake zaune da faratai kamar na shaho? Sunna ta ce a yanke." Ya ɗauko wuƙar Baba ta tsaga hanji daga kan allo, ya miƙa masa.

Bai tashi ba, a zaunen ya karɓa. Da hannun hagu ya riƙe wuƙar. Ya fara da ƙaramin yatsa. Ina jin kowane ɗaya yana faɗawa, ƙaris, ƙaris. Na babban yatsa ya fi kauri, sai da ya sake sa wuƙa. Dattijon ya sa masa albarka, suka fita.

Da muka ɗaga shi, audugar da ke ƙarƙashinsa ja ce. Wani tsagin itace ya shige masa cinya, tsawon yatsa. Duk zaman nan da murmushin nan, da shi a jikinsa yake. Jitar ta zama kamar ƙwaryar da jaki ya taka. Baba ya tsuguna yana kallonta, ya ce, "Haba Sidi. Da ka ce taka ce. Kai bulala kawai za su yi maka."

Ya ce, "A gidanka za a same ta, ya ammi. Ni bulala, ku teku."

Da kansa ya kwashe guntayen ya kai murhu, matata ta ɗora tukunya a kai. Itacen nan da yake ci, wani ƙamshi ya cika gidan kamar an turara ɗakin amarya. Ba wanda ya iya cin abincin.

Ya warke da ɗan ɗingishi. Ya nemi Baba ya ba shi baka da guduma, ya zama mai shiɓa. Da yaƙi ya ƙare alhazai suka dawo, matan manyan gidaje ba sa yarda kowa ya taɓa katifunsu sai Bamagribe, wai audugarsa ta fi tashi. Ni na san ba audugar ba ce, suna laɓewa ne bayan labule suna saurare. Sauran masu shiɓa suka kwaikwayi dukansa ba tare da sun san ko mene ne ba, har ya zamana in ka ratsa unguwa kafin hajji, ɗingishin nan kake ji ta ko'ina. Masu sanda na wucewa ba su taɓa tsayawa ba. Faratansa kuwa kowace Juma'a sai ya yanke su a gabanmu. Na sha ce masa ai farce na tsirowa, kafinta ma ba su ƙare a duniya ba. Sai ya ce, "Halas, ya Bakur," ya sauya magana.

Shekaru suka tura. Baba Tanko ya rasu, gidan ya dawo hannuna, Sidi Allal ya yi furfura. Wani hajji, yana cikin shiɓa a ɗakin nan, sai wani saurayi Bamagribe ya faɗo mana ba sallama, yana haki. Ya ce yana wucewa ne ya ji dukan, ƙafarsa ta ƙi tafiya. Ya ƙura wa tsohon ido, ya kira sunan nan na Nasara, sannan ya zube ya kama hannunsa yana sumbata. Ya ce, "An ce an harbe ka! A can kowa ya san ka mutu." Ya ce babu mai jita a Andalus da bai haddace faifansa ba, yara na koyon salon babban yatsan nan da sunansa, yanzu mai jita shi kaɗai yake hawa dandali ya cika gida. Ya zaro wani abu daga aljihu ya nuna mana, tsirkiyar roba, irin taka, ya Faisal. Ranar na fara ganinta, ranar kuma na san sana'ata ta kusa ƙarewa. Sidi Allal ya murza ta ya ce, "Wannan ba ta taɓa jin yunwa ba."

Saurayin ya rantse baɗi zai dawo da jita, ya ajiye ta a gidan wani a Jidda inda ba a tsanantawa, sau ɗaya kawai yake so ya ji. Tsohon ya ce, "Ya waladi, ni mai shiɓa ne. Kana da katifa?" Yaron ya tafi yana kuka.

Bayan tafiyarsa da 'yan watanni Sidi Allal ya fara ciwo. Ƙurar auduga ta cinye masa ƙirji. Ya daina aiki, na mai da shi ɗakina. Na lura kullum hannunsa na dama na cikin hannun riga, ko a naɗe da gefen mayafi, har abinci da cokali yake ci ta cikin tsumma. Na ɗauka shanyewa ya fara yana jin kunya, ban tambaya ba. Ya rasu cikin Shawwal, wata safiya, lokacin da ake ta farke katifu ana jiran jiragen alhazai.

Ni da limamin unguwarmu, Malam Isa, muka yi masa wanka. Da na warware mayafin na ɗago hannun, sai na ƙura masa ido. Faratan nan biyar sun dawo, dogaye, an goge bakin kowanne a karkace, suna sheƙi kamar ranar da na fara ganinsu a kan kafaɗata.

Malam Isa ya ce, "Subhanallah, tsohon nan ba wanda ya kula da shi ne? Garba, miƙo wuƙa."

Na ce, "Gafarta Malam, kai ka karantar da mu. Mazhabarmu ɗaya da shi. Ana yanke wa mamaci farce?"

Ya ce, "Ba a yankewa."

Na wanke su ɗaya bayan ɗaya, na miƙar da hannun a gefensa, muka ja likkafani. Da su muka kai shi.